Shaida a Cikin Kaki

A asibitin akwai wani ɗaki can ƙasa, sai an sauka matakala, an wuce ɗakin wanki, an wuce inda ake jibge gadajen da ƙafafunsu suka karye, sannan a kai gare shi. Marasa lafiya ba su san da shi ba, kuma ba laifinsu ba ne, don ba a kai mutum can da ƙafarsa. Abin da ake kaiwa shi ne ɗan abin da likitocin tiyata suka yanko daga jikin mutum, a cikin kwalba mai warin da ke sa ido hawaye. A wannan ɗaki mutumin da ake kira Sannu-Sannu ya fara aiki da baƙin gashi, a nan kuma furfura ta same shi.

Ba a banza sunan ya bi shi ba. Mutum ne da in ka aike shi sayo ƙanƙara, ruwa zai kawo maka, kuma ya tsaya ya yi maka bayanin dalili. Sai dai aikinsa irin wannan hali yake so. Tsokar da aka kawo ana tsane ta, a binne ta cikin narkakken kaki irin na kyandir, a bari ya daskare ya zama ɗan dunƙule kamar guntun sabulu. Sai a ɗaura dunƙulen a injin yanka, a juya hannun injin, reza ta shafto yanka ɗaya siriri wanda in ka yi numfashi da ƙarfi kusa da shi zai tashi sama. A ɗauke shi da ɗan buroshi, a shimfiɗa a kan ruwan ɗumi ya miƙe, a tare shi da gilashi, a rina, a kai wa Likita ta duba a madubinta mai girmama ƙananan abubuwa. Likita doguwar mace ce mai tsadar magana, ita ke riƙe da ɗakin. Abin da ta gani a gilashin shi ake faɗa wa mutanen da ke kwance a sama.

Wadda ta raɗa masa wannan suna ita ce matarsa, tun kafin ta zama matarsa. Tela ce, tana da ɗan shago a bakin titi mai ɗaukar keke ɗaya da benci ɗaya. Ya kai mata yadi a ɗinka masa, ta ɗaga ta sunsuna, ta dube shi sama da ƙasa.

"Malam, wannan yadin gado ka ci ko sayensa ka yi? Warin akwati ya kama shi."

Ya fara bayanin cewa ajiye shi ya yi don ranar da ta dace. Bai kai rabin bayanin ba ta riga ta shimfiɗa yadin, ta zura almakashi, ƙyat ƙyat ƙyat, ta raba shi biyu. Saura kaɗan ya zauna a ƙasa. Shi da yake yini yana lallaɓa yanka ɗaya, bai taɓa ganin an yanka abu da irin wannan rashin tsoro ba.

"Sannu-Sannu," in ji ta, "yadi ba ya ɗinkuwa sai an yanka shi. Ka dawo jibi."

Ya dawo jibi, ya dawo gata, ya yi ta dawowa har yadin akwatinsa ya ƙare, ya koma kawo wandunan da babu abin da ya same su. Da suka yi aure, a gaban mutane tana ce masa Maigida, shi kuma yana ce mata uwar ɗakina. In sun rage su biyu, shi Sannu-Sannu ne, ita Almakashi. Allah ya ba su 'ya ɗaya, wadda yake kira Uwata tun tana goye, ta girma ta zama malamar makaranta.

Faɗansu ɗaya ne, kuma sun yi ta yinsa har tsufa ba wanda ya ci. Shi mai ajiya ne. Ledar burodi ba ta fita daga gidansa, kwalbar da ta ƙare sai ya wanke ya jera, sabon abu kuwa tsoronsa yake ji. Ta taɓa saya masa takalma baƙaƙe masu kyau, ya shafa su, ya yi godiya har da rawar murya, ya mayar da su kwali ya ɗora a kan kabad. Ranar auren 'yarsu ta sauko masa da kwalin, ya leƙa waje ya ce hadari ya haɗu, ya sa tsofaffin. Ta yi masa tatas a ranar, amma da dariya a ƙarƙashin faɗan, don ta san mutumin da ta aura.

Yana cikin shekarunsa na ƙarshe na aiki Likita ta shigo da wani sabon bincike ɗakin. Ta tara su ta yi musu bayani a tsaye, kamar yadda ta saba. Homon, in ji ta, sinadari ne da jiki ke aikawa cikin jini kamar ɗan aike, kuma ba ko'ina yake tsayawa ba sai inda aka yi masa makarɓa, wato ɗan wurin da zai kama. Ƙari kuma, irin na ciwon daji, ba ya girma sai ya janyo wa kansa jijiyoyin jini su shayar da shi. Abin da take bi shi ne, a bangon waɗannan jijiyoyi wani lokaci ana samun makarɓar wani homon da ba shi da abin yi a wurin, alhali lafiyayyun jijiyoyin da ke nesa ba su da ita. In haka ta tabbata, makarɓar ta zama tambari ke nan a jikin jijiyoyin da ke ciyar da ciwon, kuma wata rana za a iya haɗa magani ya bi tambarin. Akwai wani rini mai tsada da ake ajiyewa a firij, wanda ke manne wa makarɓar kaɗai. In tana nan, sai bakin kowace jijiya ya fito ruwan ƙasa a madubi, zobe zobe. In babu, gilashin ya fito fayau.

A nan matsalar take, don gilashi yana fitowa fayau ta hanya biyu: ko makarɓar ce babu, ko rinin ne ya mutu a kwalba. Shi ya sa doka ce a ɗakin, duk gilashin da za a rina sai an ɗora masa a gefe ɗan yanka daga wata tsoka da aka tabbatar tana kama rinin. Suna kiran wannan yankan shaida. In shaida ta yi ruwan ƙasa, rini na da rai, abin da gilashin ya faɗa gaskiya ne. In shaida ba ta yi ba, a zubar a sake. Samun shaida mai kyau kuwa ba ƙaramin aiki ba ne, sun yi ta gwada wannan da wancan, duk dusu-dusu suke fitowa.

A tsakiyar wannan ne Almakashi ta fara cewa zaninta ya matse ta alhali abinci ba ya shiga. Ita da ba ta ɓoye magana, wannan kam ta ɓoye, ta yi ta shan jiƙe-jiƙe tana taka keke, har ranar da ta kasa miƙewa daga kujerar ɗinki. Aka kwantar da ita a sama, a asibitin da mijinta ya yi rayuwarsa a ƙarƙashinsa. Nan ya koyi wani sabon aiki da ba a koyarwa a makaranta, wato riƙon jakar mace. Duk inda za a shiga da ita sai ta miƙo masa jakar, ya zauna a benci da ita a cinya, cikin jerin wasu mazan masu jaka a cinya, kowa yana kallon ƙasa.

Ranar da likitan sama ya kira su don faɗa musu abin da aka gani bayan tiyata, da jakar ya shiga, ya rungume ta da hannu biyu. Likitan ya yi magana a hankali, ya ce ciwon daji ne, ya kuma bazu. Almakashi ta miƙo hannu gefe ba tare da ta juyo ba, tana neman nasa. Abin da hannunta ya samu shi ne igiyar jaka. Kafin ya gane, ya rasa inda zai ajiye jakar, ya sauke ta a ƙasa, ta riga ta janye hannun ta haɗa shi da ɗayan a cinyarta. Ba ta taɓa tayar da maganar ba, wataƙila ma ba ta riƙe ba. Shi ne bai manta ba, kuma abin ya ci gaba da cin sa.

Ba shi ya yanka tsokarta ba, Likita ta kore shi daga ɗakin a ranar, ta sa wani. Amma bayan kwanaki ta hau sama da kanta, abin da ba ta saba ba, ta tsaya a bakin gadon tana juya zoben hannunta. Ta ce ta gwada sabon rinin a kan abin da aka cire, kuma ba ta taɓa ganin tsokar da ta kama shi haka ba. Ta ce tana neman izini, in ba damuwa, a riƙa amfani da ita a matsayin shaida. Ta kuma faɗi gaskiya, cewa maganin da ake fatan haɗawa bai zo ba tukuna, ba zai riske ta ba.

"Sai na gani da idona," in ji Almakashi. "Ba na sallama kayan da ban duba ba."

Aka sauko da ita a keken marasa lafiya, ta bi ta gaban ɗakin wanki da karyayyun gadaje, tana cewa ashe nan ne ramin da ake ɓoye mata miji. Aka saukar mata da madubin daidai idonta. Ta daɗe tana kallo.

"Kai! Wannan ai leshi ne," in ji ta. "Dubi zagayen, kamar da hannu aka bi. Mugun abu kuma da iya ado." Ta ɗago ta dubi Likita. "A sa shi aiki, 'yar'uwa. Ya zauna a cikina ya ci ya sha ba ko sannu, to yanzu ya yi wa mutane amfani." Sannan ta juya ga mijinta ta nuna shi da yatsa. "Kai kuma na san ka. Saura ka ɗora ni a kan kabad."

Duk ɗakin aka yi dariya, har Likita. Shi ma ya yi, don bai san yadda zai yi da fuskarsa ba.

Ba ta ga wata shekarar ba. Da rai ya yi halinsa, da rana ne, 'yarsu na riƙe da ƙafafunta, shi kuma a wannan karon hannunta na cikin nasa. Aka rufe shagon bakin titi, aka dawo da keken ɗinki gida aka lulluɓe shi da zani. Gidan ya yi shirun da bai taɓa yi ba, don ashe duk hayaniyar gidan mutum ɗaya ke yin ta.

Da ya koma aiki, Likita ta ce za ta ba wani yankan shaidar. Ya ce a'a, shi zai yi, ba wanda zai yanka ba ɓarna kamarsa, kuma gaskiya ya faɗa. Tun daga nan kowace safiya ta rini sai ya ɗauko dunƙulen kakin daga durowa, ya ɗora a kan ƙanƙara ya yi sanyi, ya ɗaura a inji. Tsokar tana tsakiyar kakin, ba ta fi ƙwayar gyaɗa ba. Ya san sarai ba ita ba ce, ya san ma abin da ya kashe ta ne, mutum mai hankali ba ya ƙaunar irin wannan abu. Amma a duk faɗin duniya wannan ne kaɗai abin da ya rage wanda jininta ya taɓa bi ta cikinsa. In ba kowa kusa, yakan ce a hankali, "Almakashi, an tashi lafiya? Ga aiki." In shaida ta fito da zobbanta a madubi, sai ya ji kamar ta amsa.

Haka ta yi ta aiki bayan mutuwarta, a gefen gilasan mutanen da ba ta sani ba. Binciken Likita ya yi nisa, har aka fara gwada wani magani a sama, ana ba waɗanda jijiyoyin ƙarinsu suka nuna tambarin kaɗai, don wanda ba shi da shi wahalar maganin kawai zai sha. Gilashin da Sannu-Sannu ke rinawa ya zama shi ke cewa wane ya shiga, wane ya nemi wata hanya.

Sai dai abin da ake shafta kullum ba ya ƙaruwa. Kakin ya yi ta sirancewa, ƙwayar gyaɗa ta koma ƙwayar shinkafa, har ya fara hango farar robar da kakin ke zaune a kai ta cikinsa. Ya rage kaurin yanka iyakar yadda inji zai yarda. Ya daina zubar da yankan farko da aka saba zubarwa. Duk da haka wata safiya ya ɗaga dunƙulen a hasken taga ya ga abin da ya rage bai wuce yanka ɗaya ba, in an yi sa'a biyu. Ya tsaya da shi a hannu har ƙanƙarar ta narke, sannan ya naɗe shi a wani ƙyallen atamfa da ya tsinto a ƙarƙashin kekenta, ya tura can ƙarshen durowarsa, bayan kwalayen reza. Ya je ya ce wa Likita shaida ta ƙare.

Ta dube shi ta saman tabarau, ta ce, "Allah ya jiƙanta, Malam." Aka ɗauko wata shaidar da aka tanada, mai fitowa dusu-dusu, aka ci gaba da lallaɓawa da ita.

An ɗan jima ana haka, sai rini ya ƙare aka buɗe sabuwar kwalba. A zubin farko da ita akwai gilashin wata mata da ke kwance a sama, ana jiran a ji ko za ta shiga gwajin maganin. Gilashinta ya fito fayau. Shaidar da ke gefensa kuma ta fito da wani abu da ba za a kira shi launi ba, ba kuma za a rantse babu ba. Aka sake, haka. Aka sake, haka. Likita ta cire tabarau ta murza ido. Ko matar ce ba ta da tambarin, ko sabuwar kwalbar ce matacciya, ba ta da hanyar sani, kuma ta ce ba za ta sa hannu a kan zato ba. Ta aika a nemo shaida mai ƙarfi daga wani asibitin, aka ce sai an bincika. A sama kuwa an dakatar da komai, ba a ba matar sabon magani ba, ba a fara mata tsohon ba, ana jiran ƙasa.

Sannu-Sannu ya ji duk wannan yana goge injinsa, bai ɗago ba. Ya ce wa kansa ai za a samo daga wancan asibitin. Ya ce wa kansa ta yi nata, ta yi wa ɗaruruwa, a bar masa wannan ɗan guntun mana, wa ya taɓa ba shi wani abu? Kwana ya bi kwana yana wannan lissafi, kuma kullum lissafin sai ya fito masa daidai, abincinsa ne dai ya daina shiga.

Sai wani mutum ya ɓullo a bencin da ke bakin ƙofarsu, wurin da ba mai zama sai masu wanki in sun gaji. Ƙaƙƙarfa ne, mai hannuwa kamar faranti, da jakar mata ja a cinyarsa. Ashe mijin matar ne, direban babbar mota. An gaya masa daga ƙasa ake jiran sakamako, shi ne ya bi matakala har ya gano ƙofar, ya zauna, kamar zamansa zai sa abin ya yi sauri.

"Baba, sannu da aiki," in ji shi da Sannu-Sannu ya fito. "Nan ne ake duba na matata? Ba takura muku zan yi ba, wallahi. A sama ne ba na iya zama. Ita ce mai surutun gidanmu, in na dawo daga tafiya ba ta bari in cire takalmi sai ta ba ni labarin unguwa kaf. Yanzu sai ta bi ni da ido kawai. Jiya ta ce in tambayo ko an manta da ita ne."

"Ba a manta ba, ɗana," in ji Sannu-Sannu. Ya wuce da sauri irin wanda ba a taɓa gani a wurinsa ba.

Da yamma ya tarar da 'yarsa ta zo gyara masa gida, kamar yadda take yi in ta tashi daga makaranta. Ta hau kujera tana share saman kabad, ta sauko da kwalin takalman, ta buɗe.

"Baba, takalman nan sun mutu fa."

Ya karɓa. Fatar ta tsattsage, da ya ɗaga ɗaya sai tafin ya ɓare ya zube a ƙasa gari-gari. Ko sau ɗaya ba su taka ƙasa ba.

"Da Mama na nan da ka sha faɗa," in ji ta tana dariya, sai dariyar ta karye a tsakiya, ta juya baya tana goge ido da gefen mayafi. "In zubar?"

"Zubar, Uwata," in ji shi. Ya zauna a bakin gado da murfin kwalin a hannu, kunya da baƙin ciki suka taru suka danne shi, har ta gama shara bai motsa ba.

Washegari ya riga kowa zuwa, amma direban ya riga shi, yana bencin da jakarsa. Sannu-Sannu ya jira Likita ta shigo ta rataye jakarta, sannan ya je ya ajiye ƙullin atamfar a kan teburinta ya kwance.

"Likita, ƙarya na yi miki. Akwai saura."

"Na sani, Malam," in ji ta. "Duk dunƙulen da ya ƙare kana kawo min fankonsa in gani kafin a jefar. Wannan ba ka kawo ba. Na yi ta cewa gobe zan tambaye ka, bakina ya ƙi. Matar nan ta yi jiran da bai kamata ba, kuma ni da kai ne. In sa wani ya yanka?"

"Wani zai ɓata."

Ya sa sabuwar reza. Ya ɗora kakin a kan ƙanƙara, ya ɗaura, ya daidaita shi da rezar a hankali, a hankali, yadda ko gashi ba zai tafi a banza ba. Bai ce wa Almakashi an tashi lafiya ba, don Likita na tsaye a bayansa. Ya juya hannun injin. Yankan ya fito ya nannaɗe a bakin reza kamar ba zai buɗe ba, ya riƙe numfashi, ya bi shi da buroshi har ya kwanta, ya kai shi kan ruwan ɗumi. Ya miƙe sumul, da ɗan ɗigon tsoka a tsakiya. Ya tare shi da gilashin da ke ɗauke da yankan matar direba, suka kwanta gefe da gefe. Ya koma ya sake juya injin ko za a samu na biyu, abin da ya fito kaki ne zalla, fari tas.

Rini yana cin yini guda. Ya bi matakansa ɗaya bayan ɗaya yadda ya saba, wanki, jira, ɗiga, jira. A cikin jiran ne ya kama kansa yana ciniki da Allah, yana cewa tunda ya bayar da na ƙarshe, to a sa ya sayi rai, a sa gilashin matar nan ya cika da zobba. Rana ta karkata kafin ya rufe gilashin ya kai wa Likita.

Ta duba gefe ɗaya, ta matsa ta duba ɗayan, ta koma, ta daɗe. Sannan ta tashi daga kujerar ta ce ya zauna. Ya sa ido. Ga leshin nan, zobe zobe, ruwan ƙasa mai kauri, kamar ranar da aka sauko da ita a keke. Rinin na da rai. Ya tura gilashin a hankali zuwa ɓangaren matar direba, ya bi shi lungu lungu, ga jijiyoyin nan birjik, ba ko ɗaya da ta ɗauki launi.

"Babu," in ji shi.

"Babu," in ji Likita. "Amma yanzu mun sani. Gobe za su fara mata ɗaya maganin, ba za ta sha wahalar wanda ba zai yi mata komai ba." Ta ɗauki waya ta kira sama.

Ya so ya ji sanyi a ransa da wannan magana, bai ji ba. Abin da ya ji shi ne an cuce shi, sannan ya ji kunyar jin haka. Ya sake komawa gefen zobban ya kalle su iyakar kallo, don ya san doka: gilashi na mai lambar da ke jikinsa ne, za a jera shi a ɗakin ajiya cikin akwatin matar direba, cikin dubban irinsa. Ya cire shi da kansa ya sa a tire. Ya kwance fankon robar daga inji, ya kai wa Likita ta gani kamar yadda aka saba. Ta duba, ta mayar masa a tafin hannu ta rufe yatsunsa a kai.

Yana fitowa wata nas ta leƙo daga saman matakala tana kiran mijin mai gado na kusa da taga, likita na son ganinsu shi da matarsa. Direban ya miƙe zumbur, ya rungume jakar da hannu biyu, ya dubi Sannu-Sannu yana neman labari a fuskarsa. Ba aikin Sannu-Sannu ba ne ya faɗa, bai kuma faɗa ba.

"Kawo jakar," in ji shi.

"A'a Baba, ba nauyi, ai na saba."

"Na san ba nauyi. Kawo dai. Ka shiga hannunka sake, ka zauna ta gefen da take, kusa. In ta miƙo hannu kada ta nema ta rasa."

Direban ya dube shi, ya daɗe, sai fuskarsa ta sauya. Ya miƙa jakar, ya juya ya hau matakalar, yana goge tafin hannuwansa a jikin wando.

Sannu-Sannu ya zauna a inda mutumin ya tashi, bencin da sauran ɗuminsa. Ya ɗora jar jakar a cinya, ya dafe ta da hannu ɗaya, ɗayan yana aljihu a kan fankon roba. Masu wanki suka zo wucewa da kekensu, suka gan shi da jakar mata yana hawaye, suka rage murya suka wuce. Ya zauna yana jira a sauko a karɓa.